Mutumin da Muka Yi wa Rakiya

A unguwarmu ta Ƙofar Sauri mun taɓa tayar da wani dattijo daga gidan da ya tsufa a cikinsa, kuma babu wanda ya ɗaga masa murya. Da shinkafa da kaji muka yi abin, da addu'a, da kyautar babbar riga. Shi ba ya son tafiya, mu kuma muna ta yi masa fatan Allah ya kiyaye hanya. Har yau in na ji ana yabon Katsinawa da kara da sanin ya kamata, sai in sunkuyar da kai, don na ga abin da karar tamu ta yi wa mutum.

Shekarar da soja suka miƙa mulki suka koma bariki ne. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane yadda bakuna suka buɗe ba. Mutanen da suka yi shekaru suna waigawa kafin su yi tari, sai ga shi kowa ya zama masanin tsarin mulki. Majalisarmu tana gindin wata bishiyar bedi a ƙofar gidan Kawuna, ƙanen mahaifiyata, kuma daga la'asar zuwa magariba ake zamanta. Benci biyu ne da tabarma, sai rediyon Kawu da aka ɗaure bayansa da roba don kar batir ya zubo. Da can hirar ba ta wuce farashin gero da wanda ya rasu. A wannan shekara kuwa, babu ƙasar da ba mu gyara ba daga kan bencin nan.

Ni a lokacin saurayi ne, ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare, kuma ina ji da kaina sosai. Ban daɗe da dawowa daga jami'a ba, ga baki kamar reza. Ba na iya jin magana in bar ta ta wuce lafiya. Abokin karawata wani tsohon hedimasta ne da ya koyar da rabin unguwar, wanda ke jin daɗin ya bar ni in yi nisa sannan ya sa mini ƙafa.

Sai kuma maƙwabcinmu. Kirista ne, asalin iyayensa daga kudancin Kaduna, yana aiki a ma'aikatar ruwa. Tun kafin a haife ni yake haya a ƙaramin gidan Kawu da ke manne da babban. Manya suna ce masa Malam, mu muna ce masa Baba. Dogo ne, mai sanyin magana, kuma Katsinancinsa ya fi nawa kauri, don ni zaman makaranta ya gurɓata mini baki. In Kirsimeti ta zo, wani daga cikinmu yake kira ya yanka masa akuya, don kowa ya samu ya ci. In ladan ya kira salla muka tashi, shi ke zama ya tsare rediyo da butoci har mu dawo. Mun san shi mutumin kudancin Kaduna ne kamar yadda muka san shi dogo ne. Babu wanda ya taɓa tambayar sa yaushe rabonsa da can.

Wata rana rediyo ya kawo rahoton yaƙin da ake yi a wani yanki na Turai. A ciki aka ambaci wasu mutane da ake kira Roma, waɗanda ba su da ƙasa tasu, suna warwatse cikin ƙasashen mutane tun zamanin kakannin kakanninsu. Mai rahoton ya ce duk ɓangaren da ya ci gari, gidajensu yake fara sa wa wuta. Ya kuma tuna cewa a babban yaƙin duniya an hallaka su tare da Yahudawa, sai dai Yahudawa sun samu ƙasa daga baya, su ba su samu ba.

Kawu ya rage sautin ya ce, "Ikon Allah. Su kuma waɗanga mi suka yi?"

Na gyara zama, don abin da nake jira ke nan. Na ce, "Laifinsu guda ne, Kawu, ba su da gida. Duk wanda ba shi da inda zai koma, kowa sai ya taka shi. Dubi Yahudawa. An yi shekaru aru-aru ana korar su daga wannan gari zuwa wancan, aka zo aka tattara su ana kashewa da mata da yara, wa ya buɗe masu ƙofa? Da suna da ƙasa, da sun san inda za su nufa. Ni a ganina duk mutanen da aka tsangwama haka, haƙƙinsu ne a yanka masu ƙasa tasu."

Hedimasta ya gama tauna goronsa a tsanake, sannan ya ce, "A yanka daga jikin wa? Da aka ba Yahudawan, hili aka iske ba kowa? Ba mutane aka tada ba? Ga Falasɗinawa can cikin tantuna har da jikokinsu. Ka share ma wani hawaye ka sa wani kuka, sannan ka ce mamu ka yi gyara."

Na ce ɓarnar da aka yi wajen bayarwa ba ta goge buƙatar ba. Ya ce to in faɗa masa wace ƙasa ce a duniya babu mai ita, in ban da cikin teku. Kawu ya shigo da Fulanin daji, ya ce su ai ba ƙasa suke nema ba, a bar masu burtali da mashaya kawai, wataƙila su ma waɗancan haka suke. Na ce wannan daban, wancan daban. Magariba ta raba mu, washegari muka ɗora daga inda muka tsaya. Abin ya zama cin abincin majalisa, har mai shayin bakin titi ya ɗauki ɓangare. Mutanen da babu ɗayanmu da ya taɓa ganin ko mutum guda daga cikinsu, mun kai su hamada mun dawo da su, mun ba su tsibiri mun ƙwace.

Ran da na ga Hedimasta yana neman kayar da ni, sai na waiwaya neman misali, idona ya faɗa kan Baba. Yana gefen benci yana gyara wata tsohuwar tocila.

Na ce, "Ga Baba nan. Shekara nawa yana cikinmu? Amma hankalinsa kwance yake, don ya san ko yau ya ga dama ya ɗaure kayansa, akwai garinsu, akwai gonar kakansa, akwai dangi masu jiran sa. Shi ya sa yake zaune cikinmu da mutuncinsa. Abin da waɗancan bayin Allah suka rasa ke nan."

Yabo na nufa, wallahi. Jama'a suka gyaɗa kai, Kawu ya ce, "Wanga gaskiya ne." Ni kuwa na ƙirga wannan a matsayin nasara. Baba ya ɗago ya ce, "To, su mutanen da kuke ta raba ma ƙasa, an tambaye su kuwa?"

Na yi dariya na ce, "Tambayar me, Baba? Wa zai ƙi gida?"

Ya yi murmushi kamar zai ƙara wani abu, sai ladan ya ɗauki kira. Muka tashi muka bar shi da tocilarsa.

Bayan 'yan makonni ya yi ritaya. Wata Asabar da hantsi ina zauren Kawu ina duba takardun ɗalibai, sai ga shi ya yi sallama cikin riga mai guga da hula, shigar da ba ya yi sai ran Lahadi. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, an tashi lahiya, ya iyali, ya gajiya, ya zahi, kamar ba jiya suka rabu ba. Daga nan ya shiga godiya. Ya tuna ran da matarsa ke naƙuda Kawu ya fito da mota. Ya tuna ran da katangarsa ta faɗi, 'yan unguwa suka taru suka tayar kafin la'asar. Ya ce a duk zaman nan ba a taɓa nuna masa shi wani daban ne ba.

Ya ce, "Alhaji, aiki ya ƙare, ga kuma tsuhwa. Shi ne na ce bari in zo in yi godiya, in nemi ahuwa in akwai inda muka saɓa, sannan in..."

Kawu ya ɗaga hannu. Idonsa ya riga ya ciko. Ya ce, "Kak ka ƙarasa, Malam. Don Allah kak ka ƙarasa. Na gane."

A wurinmu, in mutum ya zo roƙon babbar alfarma, da godiya yake farawa. In ya zo ban kwana, da godiya yake farawa. Kuma babban mutum mai kara ba ya barin wanda yake ganin girmansa ya furta magana mai nauyi da bakinsa. Yakan tare shi, ya ɗauke masa nauyin. Ana ƙirga wannan cikin kyawawan halayen dattijo, kuma Kawu ya yi suna a kai.

Kawu ya ci gaba, "Mun san wagga rana za ta zo. Ko yaron nan ya hwaɗa rannan, kowa da gidansu. Ba mu da ikon hana ka. Amma wallahi ba za ka tahi kamar baƙo ba. Sai mun yi maka abin da ake ma ɗan'uwa."

Baba ya buɗe baki. Ya dube ni, ya dubi tabarma, ya ce, "Alhaji, ai..."

"A'a, babu godiya tsakaninmu," in ji Kawu.

Ina zaune a wurin da jan biro a hannuna, abin da na gani kawai shi ne dattawa biyu masu ƙaunar juna. Har daɗi na ji da aka ambaci maganata.

Bayan sallar azahar Kawu ya tashi cikin masallaci ya shaida wa jama'a cewa Malam zai koma gida, kuma unguwa za ta yi masa walima. Kafin magariba ƙofar gidan Baba ta cika. Kowa ya zo sai ya ce ashe tafiya ta kama, Allah ya sa a bar mu da zumunci. Shi kuma yana tsaye yana amsawa, amin, amin, na gode. A cikin makon nan Kawu ya kira babban ɗansa, wanda rashin muhalli ya tsayar wa da aure, ya ce masa ga gida ya samu. Aka aika wa surukai, aka sa rana.

Akwai abin da ya kamata ya farkar da mu. Ana saura 'yan watanni ya bar aiki, Baba ya sa an sauke tsohon rufin ɗakin girkinsa an buga sabon kwano, ya kuma dasa lemun tsami a tsakar gida ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Mai shirin tashi ba ya dasa itace. Amma da aka tuna da wannan a majalisa, sai muka mayar da shi abin yabo. Muka ce dubi halin kirki, mutum zai bar gidan haya amma sai da ya gyara wa mai shi. Baba yana zaune ana faɗa.

Walimar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. An kafa rumfa daga gindin bedin har bakin titi. Mata sun kwana biyu suna aiki, aka jera manyan tukwanen shinkafa da kaji da zoɓo. Unguwa ta yi karo-karo aka ɗinka masa babbar riga mai aiki, matarsa kuma, wadda muke kira Mama, aka haɗa mata atamfofi da kwanuka. Mutanen cocinsu suka zo suka zauna a gefe guda, suna ta mamakin irin wannan karamci. Sabon kansilanmu, wanda bai taɓa samun taro irin wannan ba tun da aka zaɓe shi, ya kama lasifika ya ƙi saki. Ya ce wannan ita ce ribar dimokuraɗiyya, a zauna da baƙo lafiya a sallame shi lafiya. Aka tafa masa.

Ni ma an ba ni dama, kuma ba na ƙin dama. Na ce Baba ya ba Katsina ƙuruciyarsa, yanzu lokaci ya yi da ƙasarsa za ta ci moriyar tsufansa. Na ji daɗin yadda jimlar ta fita, har na maimaita ta.

Da aka miƙa masa lasifikar, ya tsaya cikin sabuwar rigar, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ya gode. Ya sake cewa ya gode. Sai kuka ya ƙwace masa, irin kukan da ban taɓa ganin namiji ya yi a bainar jama'a ba, har sai da aka riƙe shi aka zaunar. Mata suka kama sharar hawaye, suna cewa Allah sarki, sabo. Kawu ya rayu shekaru bayan wannan, kuma har ya koma ga Allah yana ba da labarin walimar nan da alfahari.

Rakiya ba a yin ta rabi. Kawu ya ɗauki hayar motar kaya, ya kuma ba ni tasa motar ya ce in kai su har ƙofar gida a madadin unguwa. 'Ya'yansu duk sun watse wuraren aiki, don haka daga ni sai su biyu. Muka fita da sassafe, motar kayan tana bin mu. Baba yana gaba kusa da ni, cikin babbar rigar da hula, don Kawu ya ce da ita zai shiga garinsu su ga yadda Katsina ta riƙe ɗansu. Har muka wuce Funtuwa ina ta zuba, ina tambayar sa ko da sanyi a can, ko ana noman citta da yawa. Yakan ce haka ake faɗa.

A Zariya na tsaya sallar azahar. Da na dawo, Baba ya tafi duba igiyar motar kaya, Mama ce kaɗai a kujerar baya. Ita mutuniyar Filato ce, aure ya kawo ta Katsina tana yarinya, kuma ba ta taɓa koyon zagaye-zagayenmu ba.

Ta ce, "Kai ne mai yawan karatu, ko? Kana zauren Alhaji ran da ya je. Ka san abin da ya kai shi?"

Na ce, "Ban kwana, Mama."

Ta ce, "Ban kwanan me? Roƙo ya je yi. Ya je ya ce tunda aiki ya ƙare, Alhaji ya taimaka ya bar mu a gidan har mu mutu. Mako guda yana shirya yadda zai faɗa. A Katsina aka haife shi, ɗana. Babansa ya zo aikin asibiti tun zamanin Turawa. Ƙauyen nan da za ka kai mu, in ba jana'iza ba bai taɓa kwana ba. Ko yaren ba ya ji sai gaisuwa." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Ya ce kar in faɗa wa kowa. To na gaji."

Duk maganganun da na yi a gindin bedi da ƙarƙashin rumfa suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, da muryata, da yadda nake ɗaga yatsa. Kunya irin wannan ban taɓa jin ta ba, kuma ba ni kaɗai nake ji wa ba, har da Kawu, da Hedimasta, da matan da suka kwana suna fige kaji.

Na same shi a bayan motar kaya yana jan igiya. Na ce, "Baba, Mama ta faɗa mini. Mu juya."

Bai saki igiyar ba. Ya ce, "Mu juya ina?"

"Katsina. In je in sami Kawu in yi masa bayani."

Ya ɗaure igiyar, ya kakkaɓe hannu, sannan ya dube ni kamar na faɗi maganar yara. Ya ce, "Alhaji ya tashi cikin masallaci ya yi magana. An sa ranar auren yaro. Mutane sun yanka kajinsu, sun ɗinka mani riga. In koma in ce masu mi? In mai da Alhaji maƙaryaci gaban jama'a, mutumin da bai taɓa yi mani sai alheri ba? Kai ma ka san ba a yin haka."

Na sani kuwa. Duk wani Bakatsine na ƙwarai abin da zai yi ke nan, ya haɗiye, ya ce ya gode. Da shi baƙo ne kamar yadda muka ɗauka, da tun a zauren ya ce, a'a Alhaji, ba ka fahimce ni ba, tsaya in ƙarasa. Tarbiyyarmu ce ta rufe masa baki. Na ƙara matsawa kaɗan, ya ce in tayar da mota kar dare ya yi mana a hanya. Kuma can ƙasan raina na ji wani sauƙi da ya ƙi, don ban san da wane ido zan tsaya gaban Kawu ba. Wannan sauƙin ya fi komai ba ni kunya.

Bayan Kaduna ƙasa ta sauya. Duwatsu suka fara bayyana, ciyawa ta yi tsawo, ko'ina kore shar, don su damina ta riga ta zauna masu. Da muka bar kwalta muka shiga jar hanya, sai muka iso wata mararraba. Na rage gudu na dube shi. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ce in tsaya ya tambaya. Wata mata ce ke wucewa da itace a kafaɗa. Ya gaishe ta da yarensu, ta washe baki ta amsa, ta zubo masa magana mai tsawo. Ya tsaya yana kallon ta. Daga ƙarshe ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah, yi mani da Hausa." Ta nuna mana hagu.

Muna shiga ƙauyen yara suka biyo motar da gudu suna ihu, "Hausawa sun zo! Hausawa sun zo!" Wani ɗan baffansa, tsoho mai fara'a wanda aka aika wa saƙo tun kafin mu taso, shi ya tarbe mu. Mutanen kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansu. Sun share masa ɗakuna biyu a ƙarshen gida, inda a da suke ajiye citta, warinta ma bai fita ba. Gonar kakan da na yi ta ambato a majalisa an daɗe da raba ta tsakanin waɗanda suka zauna suka noma ta. Ɗan baffan ya ce za a duba a ga ko za a samo masa ɗan wani gefe.

Aka shimfiɗa mana tabarma guda, ni da shi, a inda ake saukar baƙi. Mutane suka riƙa zuwa gaisuwa, suna yi masa Hausa a hankali, suna tambayar sa ya hanya, ya mutanen Katsina. Da magariba ta yi, wata yarinya ta zo da butoci biyu ta ajiye ɗaya gabana ɗaya gabansa, ta nuna mana gabas. Ta ga riga da hula, ta ji bakinsa, ta yanke hukunci. Baba ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tura mini tasa butar ya ce in ƙara da ita. Mama tana bakin ƙofar ɗakin citta a zaune kan ƙullin kaya, ba ta yi dariya ba.

Washegari da safe aka gama sauke kaya, na yi shirin komawa. Ya rako ni har gindin mota. Ya ba ni saƙon gaisuwa ga Kawu, da Hedimasta, da liman, da mai shayi, gida gida yana bi da su kamar yana tafiya cikin lungun. Ya ce a ce wa angon ya riƙa ba lemun nan ruwa. Na ce to. Na buɗe ƙofa zan shiga, sai ya dafa ta.

Ya ce, "Akwai alhwarma guda, in ba za ta yi maka nauyi ba."

Wannan karon na bar shi ya ƙarasa.

Ya ce, "In damina ta yi nisa, ciyawa na ruhe su. Ni nake zuwa in nome duk shekara. Bana ban san wanda zai je ba."

Na ce, "Su wa, Baba?"

"Babana da innata. Da ɗiyata ta hwari, wadda ta rasu tana goye. Suna jere wuri guda, a maƙabartarmu ta Kiristoci."

Na ce in sha Allahu zan je, ba zan bari ciyawa ta rufe su ba. Na faɗa da ƙarfi, ina gyaɗa kai. Ya tsaya yana kallon fuskata, kuma ya gane abin da na kasa faɗa, cewa a Katsina aka haife ni, a cikinta na girma, amma ban san inda maƙabartar take ba. Bai nuna ya gane ba. Ya tattare babbar rigar, ya tsuguna, ya share jar ƙasar da tafin hannu, ya ɗauki wani tsinke.

Ya ce, "Zo in nuna maka hanya mai sauƙi. Ka ga nan, ƙohwar gidanmu ce."